Ɓatan Lamba: Yadda Ake Karɓar Lambar Waya Daidai, da Abin Yi Idan Kira Ko Kuɗi Ya Faɗa Hannun Wani

Yawancin kiran da ke faɗawa wayar wanda ba shi ake nema ba, ba wurin danna waya aka yi kuskurensa ba. Tun ranar da aka karɓi lambar aka ɓata ta: a tsakiyar kasuwar Jega ana hayaniya, ko a bayan kwalin magani da biro mai yankewa, ko daga bakin wanda ya haddace ƙarshen lambarsa ya rikita farkonta. Mai kira sai ya yi ta danna abin da aka ba shi, yana faɗawa gidan mutane, yana rantsuwa cewa lambar ke nan. Da gaskiyarsa, abin da ya rubuta ke nan. Ba ta mutuminsa ba ce kawai. Don haka daga wurin karɓa gyaran yake farawa.

Kai da wutsiya

Lambar wayar hannu a Najeriya ƙwaya 11 ce: huɗu na farko su ne kai, bakwai na baya su ne wutsiya. Kowane kai ɗaya yana iya ɗaukar lamba miliyan 10, kuma tsofaffin kawunan da aka fara rabawa tun zuwan wayar salula a 2001 sun daɗe a hannun jama'a. Shi ya sa idan ka kuskure ƙwaya ɗaya, sau da yawa ba za a ce maka babu lambar ba. Za ta yi ƙara a aljihun wani, ƙila a Yawuri, ƙila a Aba.

Kawunan kuma 'yan uwan juna ne. MTN na da 0803, 0703, 0813, 0903 da 0913, haka nan 0806, 0706, 0816, 0906 da 0916. Airtel na da 0802, 0812, 0902 da 0912. Glo na da 0805, 0705, 0815, 0905 da 0915. Wutsiya ɗaya tak tana iya zama a ƙarƙashin kai biyar, a hannun mutum biyar da ba su taɓa ganin juna ba. Kama da wane ba ta wane. Mutane kuwa wutsiya suke riƙewa, shi kan kuma sai su ce ai "ziro eit" ne. Duk wanda ya karanto maka kan lambarsa da gudu sannan ya tsaya a kan wutsiya, ka mayar da shi baya ya sake.

Kada kuma ka gyara wa mutum kai da hasashe, wai ya ce layinsa MTN ne alhali ya ba ka 0802. Tun 2013 aka ba da damar mutum ya koma wani kamfani da tsohuwar lambarsa, saboda haka kai ya daina nuna kamfani.

Karɓar lamba da baki

Da farko ku tsaya a kan harshe ɗaya. Wanda ya fara da Turanci ya koma Hausa a tsakiya, nan ake zubar da ƙwaya. Sannan a karanta ɗaya bayan ɗaya, a kashi uku: huɗu, uku, huɗu. Ban da "talatin da shida", ban da "dabul", ban da "tirifil".

Akwai wani tarko da Hausa kanta take da shi. Idan mutum ya ce "bakwai biyu", 72 yake nufi ko 77? Idan ya ce "biyu uku", 23 ne ko 222? Mai faɗa ya san abin da yake nufi, mai rubutu kuma ya zaɓi nasa, kowa ya tafi yana ganin an gama. Maganinsa a maimaita ƙwayar da bakinta: bakwai, bakwai. Idan ta zo sau uku a faɗe ta sau uku.

Idan ta waya ake karantowa kuma sabis na rawa, ƙwayoyin da suka fi rikiɗa a kunne su ne biyu da biyar, uku da huɗu, sai bakwai da takwas. Biyu da biyar sun fi kowa ɓarna, don farkonsu ɗaya ne, ƙarshen kuma shi sabis ke cinyewa. Mutanen Kabi da ke cewa "biyat" sun ɗan tsira, tunda ƙarshen nasu yana fita da ƙarfi. Idan ka yi shakka, tambaya za ka yi: "Biyu mai bin ɗaya, ko biyar mai bin huɗu?"

Bayan ka rubuta, ƙirga. Idan ka sami 10 ko 12, kada ka yi ƙoƙarin gano wadda ta ɓace, a sake daga farko. Idan 11 ce, kai za ka karanta masa, ba shi zai sake karanta maka ba, domin kunnenka zai sake jin abin da ya riga ya ji. Mafi kyau ma ka miƙa masa wayar ya duba da idonsa.

Sai babban mataki, wanda shi kaɗai ya fi sauran duka: yi masa filashin yana tsaye a gabanka, ka ji wayarsa ta yi ƙara. Daƙiƙa biyar ce, ba ta cin ko kwabo. Idan ya ce wayar tana wurin mai caji ko tana gida, to ka ɗauki lambar a matsayin wadda ba a gwada ba. Ajiye ta da alamar tambaya a gaban sunan, kuma kada ka tura mata kuɗi ko saƙo mai nauyi sai ka ji muryarsa a kanta. Mutane da yawa, musamman masu layi biyu, sukan haɗa kan wannan layi da wutsiyar wancan ba su sani ba.

Lambar da aka rubuta a takarda

Rubutun hannu yana da nasa rikicin: 1 da 7, 4 da 9, 3 da 8, 0 da 6. A Kamba da Dole Kaina da sauran garuruwan iyaka abin ya fi yawa, saboda wanda ya yi makarantar Faransanci a Nijar ko Benin yana ja wa 1 doguwar ƙafa ta gaba har ta yi kama da 7, ita kuma 7 ya gicciya mata sanda a ciki. Idan ka ga takarda a cikinta akwai 7 mai sanda, to duk wadda ba ta da sanda 1 ce.

Malamai da ɗaliban da suka saba da lambobin Larabci su ma a lura da takardarsu. Biyar ta Larabci da'ira ce kamar sifilin boko, shida tana kama da 7, sifili kuwa ɗigo ne da ake iya ɗauka tawada ce ta ɗiga. Yaron da aka ba irin wannan takarda ya saka a waya, idan bai san ƙa'idar ba, ƙwaya uku zai ɓata a lamba ɗaya.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: madannan kalkuleta sun saɓa wa na waya. A waya 1, 2, 3 ne a sama, a kalkuleta 7, 8, 9. Dillalin albasa a Aliero da ya wuni yana buga lissafin buhuna, idan ya ɗauki waya bai duba ba, yatsansa na iya kai shi 7 yana nufin 1. Ga kuma juyin ƙwaya biyu maƙwabta, 36 ta koma 63, wanda ido ba ya saurin kamawa don ƙwayoyin duk suna nan.

A wurin cike fom kuma, lambar waya da NIN ta shaidar ɗan ƙasa da BVN ta banki duk ƙwaya 11 ne. Wanda ya rubuta su a takarda ɗaya ba suna a gefen kowace, yana jiran ranar da za a saka wata a gurbin wata.

Lambobin ƙetare

Ajiye kowace lamba ta Najeriya da +234 a gaba, ka cire sifilin farko, ƙwaya 10 su biyo baya. A babbar waya ana samun alamar + idan aka danne 0 aka riƙe, a yawancin ƙananan wayoyi kuma a danna tauraro sau biyu. Amfanin wannan yana fitowa a bakin iyaka, inda waya kan kama sabis ɗin ƙasar maƙwabta, da kuma lokacin aikin Hajji, inda lambar da ta fara da sifili ba za ta kai ka gida ba.

Nijar +227 ce, lambarta ƙwaya 8. Burkina Faso +226, Togo +228, su ma ƙwaya 8 ne, don haka kuskuren ƙwaya ɗaya a nan na iya kai ka wata ƙasa, kuɗin kiran waje kuma yana tafiya. Benin +229 ce, kuma tun ƙarshen 2024 ta ƙara 01 a gaban lambobinta suka zama ƙwaya 10. Masu hulɗa da 'yan kasuwar can ta wajen Bagudo da Lolo, idan tsohuwar lamba ta ƙi shiga, a fara gwada wannan kafin a ce mutum ya canja layi. Mutanen Nijar kuma bibbiyu suke karanta lamba, wani lokaci da Faransanci, inda 96 ake faɗinta kamar "huɗu, ashirin, sha shida". Wanda bai saba ba sai ya rubuta 4, 20, 16. Roƙe shi ya turo ta a rubuce.

Idan kai ne ka yi ɓatan kai

Ladabin kira shi ne rabin maganin. Wanda ya kira shi ke faɗin sunansa da wanda yake nema, ba ya buɗe baki da "wa ke magana?" ba. Kuma ba a sauke saƙo sai an tabbatar da mai karɓa. Ana samun wanda ake ɗagawa ya ce "Baba ya cika, ana jana'iza bayan la'asar", alhali wadda ta ɗaga ita ma tana da uba kwance a asibiti. Labarin rasuwa, haɗari, farashin kaya, wurin da aka ajiye kuɗi, duk su jira.

Ga yadda ya kamata ta kasance:

"Salamu alaikum. Daga Argungu nake kira, Alhaji mai shinkafa nake nema."

"Wa alaikumus salam. Babu Alhaji a nan, ɗana."

"Ayya, ku yi haƙuri Inna. Lambar da na kira tana ƙarewa da huɗu, sifili, tara. Taku ce?"

"Ita ce."

"Kun daɗe da ita?"

"Bara jikana ya sayo mani."

"To ɓatan kai ne. Allah ya ba da haƙuri, ba zan sake kira ba."

Tambayoyin nan biyu sun isa su nuna inda matsalar take. Idan ƙarshen lambar ya yi daidai kuma sun daɗe da layin, to a kai ne ko a tsakiya aka kuskure, sai ka koma wurin wanda ya ba ka. Idan kwanan nan suka saye shi, tsohon layin mutuminka ne aka sake sayarwa. Idan kuwa suka ce lambarsu ba ta yi kama da wadda ka faɗa ba ko kaɗan, to wayar mutuminka ce ke karkatar da kira zuwa wani layi. Ka tsaya a nan. Kada ka ce su karanto maka lambarsu, ko sunansu, ko garinsu.

Kana kashewa ka goge lambar daga jerin kiran da ka yi. Mafi yawan kira na biyu da na uku daga nan suke fitowa: mutum ya buɗe jerin ya danna ta sama, ya sake faɗawa gidan da aka riga aka ce masa ba nan ba ne. Kira ɗaya kuskure ne, na uku kuwa ba wanda zai yarda.

Idan matar aure ce ta ɗaga, daga baya mijinta ya biyo kiran, ɗaga ka yi masa bayani da sallama da ban haƙuri. Ƙin ɗagawa don kunya shi ke mayar da kuskuren daƙiƙa 20 ya zama zargin da za a kwana ana yi a gidan da ba ka sani ba.

Idan kai aka kira

Tambaya ɗaya ce taka: "Wa kake nema?" Idan ba kai ba ne, ka ce ba shi ba ne, shi ke nan. Kada ka cike masa gurbi da "a'a, wane ne na unguwa kaza". A yanayin tsaron da wasu sassan jihar Kebbi ke ciki, wanda ba ka sani ba ya fara tambayar kana ina, yaushe za ka dawo, wa ke gida, wannan ba neman gyaran lamba yake ba. Kashe, ka faɗa wa wani babba a gida.

Mace ta faɗa wa maigida tun a ranar, tun bai gani da kansa ba. Shi kuma maigida, kafin ya ɗaga murya, ya buɗe jerin kira ya duba abu uku: wa ya kira wa, sau nawa, minti nawa aka yi. Kiran da ya shigo sau ɗaya aka yi daƙiƙa 15, ba ya bukatar shari'a. Akwai dai samarin da suka mayar da "rong lamba" hanyar neman hira, su danna da ka, idan suka ji muryar mace su ce "to ko da yake, ya sunan malamar?" Irin waɗannan ba a yi musu bayani, ba a zaginsu, don zagin ma hira ce a wurinsu. Toshe lambar ake yi. Idan ƙaramar waya ce da ba ta toshewa, a ajiye lambar da sunan "Kada a ɗaga". Idan abin ya zama barazana, a bar saƙonnin kada a goge, a kira kamfanin layi a 300, idan ba a sami biyan bukata ba a kira hukumar sadarwa ta NCC a 622, sannan a kai wa 'yan sanda.

Manhajar Truecaller tana taimakawa, amma sunan da take nunawa shi ne wanda wasu suka ajiye lambar da shi, wani lokaci na tsohon mai layin. Kada a yanke wa kowa hukunci da ita.

Inda kuskuren ke cin kuɗi

A da ɓatan lamba kati kawai yake ci. Yanzu da asusun OPay da PalmPay da makamantansu suka zama lambar wayar mutum ce aka cire mata sifilin farko, kuskuren ƙwaya ɗaya na iya kai kuɗin buhu goma hannun baƙo. Lambar asusun banki ta asali ƙwayarta ta ƙarshe ta tantancewa ce, shi ya sa sau da yawa idan an kuskure sai ta ƙi fitowa. Lambar waya ba ta da wannan mai gadi.

Abin da ya rage shi ne sunan da ke fitowa kafin a saka lambar sirri. A wurin mai POS, kada ka yarda da "Sani ne ko?" ka ce e. Sani nawa ne a ƙasar nan? Ka ce ya karanto cikakken suna, ko ya juyo maka na'urar ka gani, kuma tun kafin ka zo ka tambayi mai karɓa ainihin sunan da ke kan asusun, don da yawa da asusun ɗa ko ƙane suke karɓa. A duba sunan bankin ma, domin lamba ɗaya tana iya zama a kamfani biyu. Kuɗi mai yawa zuwa sabon asusu kuwa, fara tura naira 100, a ce maka ta shiga, sannan ka tura sauran ta cikin tarihin wannan turawar, ba ka sake bugawa da hannu ba.

Idan an riga an tura:

Karɓi rasit ka ɗauki hotonsa nan take, don rubutun takardar POS yana gogewa da zafi. Abin da banki zai nema shi ne rana, lokaci, adadi, lambar da aka tura wa, da doguwar lambar da ake rubuta wa Session ID.

Kai ƙara a ranar, ga bankin da kuɗin ya fita. Idan ta na'urar mai POS aka tura, shi ne zai shigar da ƙorafin ga kamfaninsa, kai kuma ka tsaya a kansa har ya nuna maka lambar ƙorafi. Bankinka ne zai tuntuɓi bankin wancan.

Idan asusun lambar waya ne, ƙara sifili a gaba ka kira shi. Da lallami ake farawa, da shaidar rasit, ban da barazana, don wanda aka tsorata yakan kwashe kuɗin ya kashe waya. Banki ba ya cire kuɗi daga asusun mutum haka kawai: ko dai ya amince, ko a kawo umarnin kotu. Idan mako biyu ya wuce bankinka bai yi komai ba, ana kai ƙorafi sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, tare da lambar ƙorafin farko.

Kati da data da aka loda wa wani layi bisa kuskure, su kam da wuya su dawo. Sai dai a roƙi wanda ya samu ya mayar ta *321#, idan Allah ya sa mai tsoron Allah ne.

Idan kai kuɗin ya faɗo wa, ba rabo ba ne, dukiyar wani ce. Amma kada ka yi gaggawar mayarwa, saboda nan 'yan damfara suke kwana. Sukan turo saƙo mai kama da alat, su biyo da kira ana kuka, kuɗin maganin uwa ne. Buɗe asusunka ka duba ko da gaske kuɗin ya ƙaru. Idan ya ƙaru, mayar da shi asusun da ya fito kaɗai, ko ka ce bankinka ya mayar, ko da mai kiran ya ba ka wani asusu daban. Haka wanda ya ce ya yi kuskuren saka lambarka, wasu lambobi shida za su shigo ka karanto masa: WhatsApp ɗinka ko asusunka yake son ƙwacewa. Ba wani kuskuren gaskiya da ake gyarawa da karanto lambar da ta shigo wayarka.

Layin da ya canja hannu

A ƙa'idar NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya rufe shi, idan ya ƙara wasu shida a sake sayar da lambar. Wanda ya sayi irin wannan layi yakan gaji masu bin tsohon mai shi bashi, da 'yan uwansa, har da alat ɗin bankinsa. Ya yi bayani sau ɗaya ga kowane mai kira, ya faɗi watan da ya sayi layin, kuma kada ya taɓa asusun da ya tarar a maƙale da lambar.

Wanda ya bar layi kuma aiki na gabansa: ya je banki ya canja lambar da ke kan asusunsa da BVN, ya canja ta a WhatsApp ta wurin sauya lamba da ke cikin saituna, tun layin yana hannunsa. Ɗalibin da zai yi JAMB ya yi rajista da layin da zai riƙe, ba na mai shagon intanet ko na maƙwabci ba, don lambar tana bin sa har neman gurbin karatu. Layin da ake ajiyewa don banki kawai, a riƙa saka masa kati ana kira da shi lokaci-lokaci.

Saura karkatar da kira. Idan mutane suna ce maka sun kira ka wani ya ɗaga, alhali lambar daidai suka buga, danna *#21# ka ga ko ana tura duk kiranka wani layi, da *#62# ka ga inda yake zuwa idan wayarka tana kashe ko ba sabis. Yakan faru idan yaro ya yi wasa da waya, ko an sayi ta hannu an yi ta latse-latse, ko mai gyara ya gwada ya manta. Danna ##002# yana soke duka. Bayan nan ka sa wani ya kira ka sau biyu, ɗaya wayar tana kunne, ɗaya ka kashe ta, ku ji inda kiran ya faɗa.